Yadda Hular Gashi Ta Koyi Ɓuya

A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wata hular gashi da aka samo a Thebes ta ƙasar Masar, wadda ta haura shekara 3,000. Gashin mutum ne zalla, an ɗaura shi a kan ragar da aka saƙa da gashi, an liƙe shi da kakin zuma da ƙaro. Wanda ya yi ta ya fuskanci tambayoyi ukun da mai sayen hular gashi ke fuskanta yau a Legas ko Kano: yawan gashin, tsawonsa, da yadda hular za ta zauna a kai. Amsoshin ne suka riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani.

A Turai, hular ta fara zama yayin maza a fada ne a 1624, lokacin da sanƙo ya kama Sarki Louis na 13 na Faransa, fadawa kuma suka yi koyi da shi. A 1673 magajinsa, Louis na 14, ya ba masu yin ta ƙungiyar sana'a ta kansu. Hular wancan zamani cike take maƙil, ta sauko kafaɗu har ƙirji, domin girmanta shi ne shelar arzikin mai ita. Nauyi da zafi da ƙwarƙwata suka sa maza da yawa suka riƙa aske kansu kafin su sa ta. A 1665, ana tsakiyar annoba a Landan, Samuel Pepys ya rubuta fargabarsa cewa ana yin hulunan da gashin mamata. Yayin ya ƙara dusashewa a Ingila bayan 1795, da aka sa harajin fam ɗaya da sule ɗaya a shekara kan hodar da ake barbaɗa musu. Abin da ya yi saura shi ne hular kotu ta gashin doki, wadda Humphrey Ravenscroft ya yi wa rajista a 1822, wadda kuma lauyoyin Najeriya ke sawa har gobe.

Masu wasan kwaikwayo ne suka juya manufar. Su buƙatarsu kada mai kallo ya gane an sa wani abu. Saboda haka masu sana'ar suka koma ga raga mai laushi irin ta leshi, suna ƙulla gashi ɗaya ko biyu a kowane ido da allura mai ƙugiya, har ya zama kamar daga fata ya tsiro. Da kyamarar fim ta fara matsowa kusa da fuska, aikin ya ƙara tsanani. Kamfanin Max Factor ya yi suna a wannan fage a Hollywood, har ya samar da huluna sama da 900 don fim ɗin Marie Antoinette na 1938. Ka'idarsu biyu ce: a auna kan ɗan wasa kafin a ɗinka, a kuma rage gashi a bakin goshi, tunda gashin halitta a nan ya fi ƙaranci.

Daga baya sana'ar ta koma masana'anta. A 1957 kamfanin Kaneka na Japan ya fitar da zaren roba na Kanekalon. Gashin mutum kuwa ana tara shi a wurare irin wurin bautar Tirupati a Indiya, inda masu ziyara ke aske kai a yi gwanjon gashin, a sarrafa shi a biranen Sin irin su Xuchang da Qingdao. Farashi ya sauko, mawaƙa baƙar fata na Amurka suka yayata hular leshi, ta bazu a Afirka. Sai dai awon kan mutum ɗaya ya ɓace, lambobi suka maye gurbinsa.

Lambar farko ta cika ce. Kashi 130 cikin ɗari ya fi kusa da gashin halitta, 150 matsakaici ne, 180 zuwa 250 kuwa ya koma ga hular fadar Faransa, da nauyinta da zafinta. Ta biyu tsawo ce, wadda ake aunawa da inci bayan an miƙar da gashin. Shi ya sa murɗaɗɗen gashi mai inci 20 kan bayyana gajere fiye da miƙaƙƙe. Gashi mai tsawo yana buƙatar ƙarin cika, in ba haka ba ƙarshensa ya yi sirara. Ta uku ita ce kewayen kai: kusan inci 21.5 ƙarama, 22.5 matsakaiciya, 23.5 babba. Ana zagaya tef ɗin tela daga goshi ta saman kunnuwa zuwa ƙeya, bayan an yi kitso kwantacce, domin a kan kitson hular za ta zauna.

Wannan awo na ƙarshe shi ne aka fi rainawa, alhali shi ya fi ɓarna. Tun 1907 wani likita ɗan Ostiriya ya bayyana zubewar gashi a gefen kan matan Girinland saboda ɗaurin gashi mai tsauri. Hular da ta matse, da mataji da ke jan tushe, da gam da ake shafawa a goshi kullum suna haifar da irin wannan, kuma idan tushen gashi ya mutu ba ya dawowa. Hular da ta yi yawa ita ma tana tilasta ƙara gam don kada ta zame. Ga macen da maganin kansa ya zubar wa gashi, fatar kai ta riga ta yi laushi, don haka hula marar nauyi da ta zauna daidai ba tare da gam ba ta fi dacewa da ita. Tef ɗin tela da mintuna biyu sun isa a samu awon da masu aikin fim suke fara ɗauka kafin su ƙulla gashi ko ɗaya.