Agogo a Sararin Sama

A gonar shinkafarmu ta Kura, wadda ke shan ruwan dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, idan garken tsuntsun jan-baki ya taso sai ka ji mai gadi ya ce, "Ga su nan ta gabas!" Wannan ya ishi manomi, domin shi da gonarsa ba sa motsi. Matuƙin jirgin sama kuwa kullum cikin juyawa yake, kafin ya lalubo gabas aikin gama ya gama.

Jiragen farko da suka sauka Kano a watan Nuwamba 1925, guda uku na sojan Ingila daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham, sama tasu ce su kaɗai. Da jirage suka yawaita sai aka bukaci hanyar nuni mai sauri. Mayaƙan sama na Yaƙin Duniya na Biyu suka yayata dabarar fuskar agogo. Wato matuƙi ya ɗauka yana zaune a tsakiyar agogo: ƙarfe 12 gabansa, ƙarfe 3 damansa, ƙarfe 6 bayansa, ƙarfe 9 hagunsa, kowace awa digiri 30. Bayan karon jirage biyu a Grand Canyon ta Amurka a 1956, inda mutum 128 suka halaka, aka ƙarfafa sa ido da na'urar rada. Alal misali, mai kula da zirga-zirga zai ce akwai jirgi a ƙarfe 2, mil biyar, ya nufi kudu.

To, a nan gizo ke saƙa. Rada tana nuna hanyar da jirgi ke bi ne, ba inda hancinsa ya dosa ba. Idan iska na bugowa daga dama, dole matuƙi ya karkata hanci dama don kada ya kauce. Saboda haka abin da aka ce masa yana ƙarfe 12, shi sai ya hango shi wajen ƙarfe 11. Duk wanda ya taɓa ƙetare kogi da kwalekwale ya san wannan karkata.

Na gwada ƙanena a bakin kwatar ban-ruwa a Bunkure, na ce akwai shanu a ƙarfe 9. Sai ya zaro wayarsa ya duba lambobi, ya ce ai tara ta wuce tuni. Bai taɓa koyon agogo mai hannu ba.