Muryar Malami a Cikin Kaset

'Yan'uwa marubuta, mu da muka yi karatun adabi a kwalejojin horon malamai mun san cewa rabin ilmin feɗe waƙa daga bakin malami yake fitowa. Littafi zai gaya maka mene ne kari, mene ne amsa-amo, amma sai malami ya rera baiti, ya tsaya, ya maimaita, sannan kunne ke gane inda mawaƙi ya yi gwaninta da inda ya yi tuntuɓe. Tambayarmu ita ce, ina waɗannan muryoyi suke tafiya idan masu su sun kau?

Tarihin adana murya a wannan yanki namu bai yi tsawo ba. Kamfanin Philips ya fito da ƙaramin kaset a 1963. A 1968 aka buɗe cibiyar tattara adabin baka a Yamai da taimakon UNESCO, wadda daga baya aka sani da CELHTO, kuma mu mutanen Bagudo kogin Kwara ɗaya muke sha da ita. A 1969 aka kafa cibiyar da ta zama Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano. Nan ne Alhaji Aƙilu Aliyu, ɗan ƙasar Jega, ya zauna tare da malaman jami'a.

Labarin Aƙilu ya isa misali. Malam Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi waƙoƙinsa da nazari, ya tace diwaninsa Fasaha Aƙiliya wanda ya fito a 1977, ya kuma yi digirinsa na uku a kansa a Landan. Aƙilu ya rasu a 1999, amma har yau ana sauraren rerawarsa, domin gidajen rediyo sun ɗauka, jama'a kuma sun yi ta kwafa. To, ina laccocin da Malam Ɗalhatu da takwarorinsa irin su Abdulƙadir Ɗangambo suka shafe shekaru suna yi a aji? Abin da ya iso hannunmu a makarantun sakandare shi ne wanda ya hau takarda.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma kasuwa ce ta koya mana shi. A shekarun 1980 da 1990 duk wanda ya ratsa Lolo ko Tsamiya zuwa ƙasar Benin ya ga masu sayar da kaset da rikoda mai baki biyu, suna juya waƙar Shata ko wa'azi daga wannan zuwa wancan. Abin da aka kwafa sau dubu ba ya mutuwa da sauƙi. Lacca kuwa, in ma an ɗauka, kaset ɗaya ne tak a akwatin wani ɗalibi. Zafin bazara ya lanƙwasa shi, damina ta sa masa fumfuna, ko kuma ranar suna a rasa sabon kaset a ɗora kiɗa a kansa. Wannan na ƙarshe, a ganinmu, ya fi gara ɓarna.

A Landan an yi wani abin da ya cancanci a duba. Tun daga 1962 Dennis Duerden ya riƙa ɗaukar hira da sharhin marubutan Afirka, har da Achebe da Soyinka da Christopher Okigbo, wanda ya mutu a yaƙin basasa a 1967. An juya wasu hirarrakin zuwa littafi a 1972, faya-fayan kuma suna Laburaren Birtaniya, an mayar da su na kwamfuta. Sun tsira ne saboda an damƙa su ga mai ajiya.

A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗin cewa na'urorin sauraren irin waɗannan faya-fayai suna dab da ƙarewa, suka ambaci wajejen 2025. Don haka duk ɗan ƙungiyar da ke da kaset na laccar wani malami, ko ta Hausa ko ta Ingilishi, ya kawo wa sakataren reshensa, tare da sunan malamin da shekarar da aka ɗauka, tun akwai sauran rikoda mai aiki a garin.