Kayan Gyaran da Ake Zaɓa Kafin Doguwar Tafiya da Karaban a Ostireliya

Kalmar karaban tana da ma'ana biyu a Turanci. Ta farko ita ce ayarin fatake, irin wanda ke ratsa Sahara da raƙuma. Ta biyu kuma ɗaki ne mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota, a cikinsa akwai gado da madafa da tankin ruwa da tukunyar gas. A Ostireliya irin wannan ɗaki ya zama abin hawan 'yan fansho da iyalai masu son zagaya ƙasar ta babbar hanya mai lamba 1, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 14,500. Tafiyar kan ɗauki watanni, kuma tana ratsa wuraren da babu gareji ko mai faci a kusa. Shi ya sa zaɓen kayan gyara ya zama babban sashe na shirinta.

Nisa da nauyi

Abu biyu ne ke iyakance zaɓin: nisan hanya da nauyin da doka ta yarda a ɗauka. Hanyar Eyre, wadda ta haɗa garin Norseman a yamma da Port Augusta a kudu, ta haura kilomita 1,600, kuma sai a 1976 aka gama shimfiɗa mata kwalta. Tana bi ta filin Nullarbor, sunan da aka samo daga Latin, ma'anarsa babu bishiya. Tsakanin Balladonia da Caiguna akwai kilomita 146.6 da hanyar ta miƙe sak babu kwana ko ɗaya. Wani gidan mai da na gaba kan yi tazarar da ta kusa kilomita 200. A arewa maso yamma kuma akwai hanyar Gibb River, mai tsawon kusan kilomita 660, wadda akasarinta burji ne mai gargada.

Nisan yana sa matafiyi ya so kwasar duk abin da ke akwatinsa na gyara, nauyi kuma yana hana shi. Kowace karaban tana da faranti da maƙeri ya liƙa, mai nuna nauyinta ba kaya da kuma iyakar nauyinta da kaya. Bambancin da ke tsakani shi ne rabon matafiyi, kuma a karaban da dama bai wuce kilo 300 zuwa 400 ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankuna biyu masu lita 80 sun cinye kilo 160 tun kafin a sa abinci da tufafi da gas. Wanda ya wuce iyaka yana fuskantar tara, inshorarsa na iya samun tangarɗa, kuma birkinsa ba zai kama yadda ya kamata ba. Lissafin madugu ne a sabon salo: kayan da raƙumi zai ɗauka suna da iyaka, kuma ruwa ne ke fara samun wuri.

Ma'aunin da ƙwararrun matafiya ke bi tambayoyi uku ne. Shin lalacewar da wannan abu ke gyarawa za ta iya tsayar da tafiya? Shin direban ya iya aiki da shi? Shin akwai wani abu mara nauyi da zai yi aikinsa? Abin da ya kasa amsa biyun farko a gida ake barinsa.

Taya da boris

Yawancin abin da ke tsayar da karaban a hanya daga ƙafafunta yake fitowa. Kayan taya ne ke kan gaba: safaya mai lafiya ta motar da ta karaban, ko biyu-biyu idan za a bi burji, jek da ya dace da nauyin karaban, faffaɗan katako da za a ɗora jek a kai don kada ya nutse a yashi, da waigi na tokare tayoyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da jek da sufanar tayar mota, alhali notin ƙafar karaban sau da yawa girmansa daban ne, kuma jek ɗin mota ba lallai ya shiga ƙarƙashinta ba.

Sai sufana mai awon ƙarfin ɗauri. Notin da bai ɗauru sosai ba yakan warware, wanda aka matse fiye da kima kuma yakan lalata ƙarfen da yake kai. Ana sake gwada ɗaurin bayan kilomita 50 zuwa 100 da canza taya. Ma'aunin iska da ƙaramin injin hura taya mai aiki da batirin mota su ma dole ne, domin a kan burji ana rage iska, idan an koma kwalta a mayar. Kayan toshe hujin taya ba su da nauyi, kuma suna iya kai mutum gari na gaba. Shekarun taya ma abin dubawa ne: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefenta suna nuna mako da shekarar ƙira, misali 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar karaban takan tsufa tana tsaye, ta tsattsage alhali haƙoranta ba su cinye ba.

Boris ɗin ƙafa shi ne haɗarin da ba a gani. Idan giris ya ƙone ko ruwan rafi ya shiga, boris yakan yi zafi ya daskare, har ƙafar ta iya cirewa. Ana ɗaukar cikakken saiti ɗaya na canji, da robar da ke tare giris, da ƙaramin ƙarfen da ke kulle noti, da gwangwanin giris. Ko direban bai iya aikin ba, riƙe kayan yana da amfani, domin bakanike a ƙauye yana iya samun basira amma ya rasa boris mai wannan lamba. A duk tsayawa ana kusantar da hannu ga cibiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi tana neman bincike.

Maɗauri, birki da lantarki

Inda karaban ta haɗu da mota akwai ƙwallon ƙarfe, galibi mai faɗin milimita 50, da sarƙar tsaro, da soket na fitilu da birki. Dokar Ostireliya ta tilasta birki ga duk abin ja da nauyin da ke kan tayoyinsa ya wuce kilo 750. Idan ya wuce kilo 2,000, dole birkin ya kama da kansa in karaban ta tsinke daga mota. Yawancin waɗannan birkuna da lantarki suke aiki, don haka wayar da ta tsinke tana iya barin mota ita kaɗai da aikin tsayar da tan biyu ko uku.

Kayan lantarkin da ake buƙata ƙanana ne: mitar gwaji, fis iri-iri, ƙwan fitila, 'yar waya, filayar matse kan waya, salatif na lantarki, da wayoyin tayar da batir. Duk wannan na layin batir ne mai bolt 12. Layin wutar gida mai bolt 230 da bututun gas kuwa doka ta keɓe su ga masu lasisi. Abin da matafiyi zai yi da gas shi ne ya shafa ruwan sabulu a mahaɗa; idan ya ga kumfa na tashi, ya rufe tukunya.

Akwatin yau da kullum

Gargada tana kwance noti da sukuru na ƙofofi da durowa da bututun ruwa. Maganinsu saitin sufana ɗaya mai girman da motar da karaban ke amfani da shi, sufana mai daidaituwa, filaya iri biyu, sukundireba mai kawuna da yawa, guduma, wuƙa, ƙaramin zarton ƙarfe, man sassauta tsatsa, maɗaurin roba, salatif mai ƙarfi, da 'yan noti da sukuru na canji. Ga motar kuma fanbel, bututun lagireto, man inji da ruwan sanyaya inji. Shebur da igiyar ja suna shiga idan za a sauka daga kwalta. Injin walda, manyan jek na gareji da saitin sufana biyu masu aiki ɗaya su ne aka fi komawa da su gida ba a taɓa ba.

Wurin ajiya ma yana da ƙa'ida. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, daidai saman tayoyi. Idan aka tara su a ƙarshen karaban, takan fara lilo a kan hanya, musamman lokacin da doguwar tirela mai jan wasu tireloli ta wuce ta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin karaban ya sauka a kan ƙwallon maɗauri.

Idan gyara ya gagara

Akwai lalacewar da babu sufanar da za ta warware. A irin wannan hali kayan da ke ceton rai su ne ruwan sha na ajiya a jarka dabam da tanki, akwatin agajin gaggawa, abin kashe gobara, tocila, da hanyar kiran taimako, tun da wayar salula ba ta kamawa a wurare da yawa. Matafiya suna amfani da rediyon UHF, inda tasha ta 40 ta direbobin babbar hanya ce, ta 18 ta masu karaban, 5 da 35 kuma na gaggawa. Wasu na ƙarawa da wayar tauraron ɗan'adam ko na'urar aika siginar neman ceto. A kan hanyar Eyre an ware wasu sassan kwalta domin saukar jiragen likitocin sama na ƙasar. Shawarar hukumomi ga wanda motarsa ta mutu a daji ɗaya ce: ya zauna kusa da ita, domin daga sama mota ta fi mutum saurin ganuwa.

Gwajin ƙarshe a ƙofar gida ake yinsa. Kafin ranar tashi, matafiyi yakan ɗaga karaban da jek ɗin da zai tafi da shi, ya cire taya ya mayar da kayan da ke akwatin kawai, sannan ya kai motar da karaban ma'aunin manyan motoci cike da ruwa da kaya. Sufanar da ba ta shiga noti ba, ko kilon da ya yi yawa, a nan suke bayyana, lokacin da kanti yake kusa.