Amsar Takardunku: Masu Zanen Kasuwar Birnin Paris

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya rubuto yana cewa ya ga wani tsohon zanen Faransa a jikin kalanda, babu sarki babu soja, sai mata masu sayar da kabeji da 'yan dako. Shi ne yake tambaya, wai mene ne abin sha'awa a ciki?

To, Malam, mun gode da wannan tambaya. Da can a Faransa zanen da ake girmamawa shi ne na sarakuna da yaƙe-yaƙe da labaran addini. Wajen shekarar 1850 sai wasu irin su Gustave Courbet suka ce talaka ma ya isa a zana shi yadda yake, da guminsa da tsummansa. Masu kuɗi da yawa suka ɓata rai, amma aka ci gaba.

A wannan zamani ne aka sake gina babbar kasuwar Paris mai suna Les Halles. Victor Baltard ya tsara mata manyan rumfuna na ƙarfe da gilashi, har marubuci Emile Zola ya kira ta "cikin Paris" a littafinsa na 1873, don daga nan birnin yake ci. Victor Gilbert ya zana masu kifi da sassafe a 1880. Leon Lhermitte kuwa a 1895 ya gama wani ƙaton zane da hukumar birnin ta sa shi, faɗinsa ya haura mita 6, cike da cinkoson masu saye da sayarwa. Yana gidan tarihi na Petit Palais.

In za ka kalli irin wannan zane, kada ka yi sauri. Dubi hannuwan mutanen, ka ga wa ke ɗauke da kaya, wa ke ciniki. Dubi hasken, zai gaya maka ko asuba ce ko hantsi.

Abin da ya ƙara musu daraja shi ne kasuwar ta tashi. A 1969 aka mayar da ita Rungis, bayan gari, a 1971 aka fara rushe rumfunan. Waɗannan bayin Allah ba a rubuta sunayensu a tarihi ba, amma ga fuskokinsu nan har yau.

Da fatan mun gamsar da kai. A gaida mutanen Funtuwa.