Ranchers Bees Ta Kaduna Da Wasan Ƙarshe Na Kofin Afirka Na 1988

Gabatarwa

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Duk wanda zai ba da tarihin ƙwallon ƙafa a Arewacin Nijeriya, tilas ne ya tsaya a kan shekarar 1988, domin a cikinta ne ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna ta kai ga wasan ƙarshe na gasar Kofin Masu Riƙe Da Kofuna ta Afirka. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana yadda aka kai ga wannan matsayi, da abin da ya faru, da kuma abin da ɗalibai da ma'aikatan gwamnati za su koya daga ciki game da yadda ake kafa abu da yadda yake rushewa.

Asalin Gasar

An kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka a birnin Hartum a shekarar 1957, watau a daidai lokacin da guguwar neman mulkin kai take kaɗawa a nahiyar. A cikin 1964 hukumar ta fito da gasar zakarun ƙungiyoyi, wadda Oryx ta Duwala, a ƙasar Kamaru, ta fara cinyewa. Bayan shekaru goma sha ɗaya, a 1975, aka ƙaro gasa ta biyu domin ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu. Wannan ita ce gasar da ake magana a kanta a nan. Tsarinta shi ne a kara sau biyu, gida da waje, a tattara ƙwallayen da aka ci, wanda ya yi rinjaye ya wuce gaba.

Tun farko Nijeriya ta yi fice a wannan gasa. Ƙungiyar IICC Shooting Stars ta Ibadan ta ci kofin a 1976 bayan ta doke Tonnerre ta Yawunde, ita kuwa Rangers ta Inugu ta ɗauke shi a 1977 da ta lallasa Canon ta Yawunde da ci 5 da 2 a wasanni biyu. A wannan shekara ta 1977 ne Kaduna ta fara shiga labarin, amma a matsayin mai masauki. Rangers da IICC sun haɗu a wasan kusa da na ƙarshe, gasar kuwa ta ɗauki zafin ƙabilanci, ga shi shekara bakwai kacal ke nan da ƙare yaƙin basasa. Saboda haka aka ɗauke wasa na biyu aka kai shi filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, inda aka tashi babu ci, Rangers ta yi nasara a bugun fenariti. Arewa ta ba da fili da 'yan kallo, amma ba ta da ƙungiya a fagen.

Daga DIC Zuwa Ranchers

Ba wai Arewa baƙuwa ba ce a harkar ƙwallo. Kano ta ci kofin ƙalubale na ƙasa tun 1953, Mighty Jets ta Jos ta ci gasar rukunin ƙasa ta farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano kuma ta ci ta a 1978. Abin da ya rage shi ne a ga tasirin wannan a fagen nahiya.

Asalin Ranchers Bees ƙungiya ce ta ma'aikatar ƙera makamai ta gwamnatin tarayya da ke Kaduna, ana kiranta DIC Bees. Da wannan suna ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1983, Rangers ta kayar da ita a bugun fenariti. Daga bisani ɗan kasuwa Alhaji Muktar Muhammad Aruwa, wanda ya zama sanata a 1999, ya karɓi ragamarta, aka sake mata suna. A 1987 ta sake kaiwa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Abiola Babes ta Abekuta ta yi galaba a kanta. To, sai dai ba a daɗe ba aka rushe Abiola Babes, kamar yadda aka rushe Leventis United ta Ibadan a wannan lokaci. Ta haka ne nauyin wakiltar Nijeriya a 1988 ya faɗo a kan 'yan Kaduna.

Ya kamata a tuna da halin da ƙasa take ciki. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin garambawul ga tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi warwas, kuɗin jirgi da na masauki a ƙasashen waje suka ninka. Ɗaukar ɗawainiyar ƙungiya mai zagaya Afirka ya zama jan aiki. Bugu da ƙari, ranar 23 ga Satumba, 1987, aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna. Ke nan mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa, har zuwa shekara guda kafin wasan, Kaduna ce babban birnin jiharsu. A can 'ya'yansu da yawa suke aikin gwamnati da na masaƙa, Rediyon Kaduna kuma shi ne abokin hirar manomi. Sabuwar iyaka ba ta raba su da ganin ƙungiyar a matsayin tasu ba.

Wasan Ƙarshe

Abokiyar karawar Ranchers Bees ita ce Club Athlétique Bizertin, daga Bizarta, wani gari mai tashar jiragen ruwa a arewacin ƙasar Tunisiya. Akwai kama tsakanin ƙungiyoyin biyu, domin ita ma ba ta cikin manyan ƙungiyoyin babban birnin ƙasarta, kuma har zuwa lokacin babu wata ƙungiya ta Tunisiya da ta taɓa ɗaukar kofin nahiya. An yi wasanni biyu. Ɗaya aka tashi babu ci, ɗayan kuma 'yan Bizarta suka yi nasara da ci ɗaya da nema. Ƙwallo guda tak a cikin minti 180 ita ce ta raba gardama, ta mai da Bizarta ta farko a tarihin ƙasarta, ta bar Kaduna da matsayi na biyu.

Duk da haka faɗuwar ba ta zama ƙarshen zance ba. A 1989 Ranchers Bees ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. A cikin 'yan wasanta na wannan lokaci akwai wani matashi haifaffen Kaduna, Daniel Amokachi, wanda ya koma Club Brugge ta Beljiyam a 1990, ya kuma ci wa Nijeriya ƙwallaye biyu a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Har ila yau, wasan 1988 shi ne na farko cikin wasannin ƙarshe huɗu a jere da ƙungiyoyin Nijeriya suka buga a gasar: Bendel United ta sha kaye a hannun Al-Merrikh ta Sudan a 1989, BCC Lions ta Gboko ta ci kofin a 1990 ƙarƙashin mai horarwa Shu'aibu Amodu, sa'an nan ta rasa shi ga Power Dynamos ta Zambiya a 1991.

Abin Da Ya Biyo Baya

Tauraruwar Ranchers Bees ta dusashe, ta sauka daga rukunin manya. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, daga 1995 zuwa 1997, ba ta ɗauka ba. Gasar kanta an haɗe ta da wata a 2004, ta daina wanzuwa da sunanta. Ita kuwa babbar gasar zakaru, Enyimba ta Aba ce ta fara kawo wa Nijeriya ita a 2003, ta maimaita a 2004. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta yi abin a zo a gani a 2009, da ta fitar da Al-Ahly ta Masar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare mata hanya.

Kammalawa

Idan aka duba ƙungiyoyin da aka ambata, za a ga cewa ciwo ɗaya ne yake damun yawancinsu: kowace ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ko kamfani ɗaya, ko gwamnati ɗaya. Abiola Babes da Leventis United sun mutu ne ranar da masu su suka janye hannu. BCC Lions ta durƙushe tare da kamfanin simintin da yake ciyar da ita. Akasin haka, Al-Ahly, wadda aka kafa tun 1907, tana da mambobi masu biyan kuɗi, da kadarori, da shugabanci na zaɓe, shi ya sa take sauya shugabanni ba ta rushe ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka aikin da ke gaban ma'aikatan wasanni na jiha da na ƙananan hukumomi a fili yake: a raya gasar makarantu, a kare filayen wasa daga masu yanka su fuloti, a adana takardun tarihin ƙungiyoyi, a kuma kafa ƙungiyoyin da jama'ar gari suke da hannun jari a cikinsu. A yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda matsalar 'yan bindiga ta raba matasa da yawa da gonaki da makarantu, filin ƙwallo mai tsari yana cikin wuraren da za su iya haɗa matasan a kan doka ɗaya da alƙali ɗaya. Wasan 1988 ya tabbatar da cewa 'yan wasa ba su yi wa Arewa ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da zai riƙe ƙungiya bayan wanda ya kafa ta ya gaji.