Boris ɗin ƙafar amalanke da tirela

Boris ɗin ƙafa wani sashe ne na ƙarfe da ake sanyawa a cikin hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a jikinta, domin ƙafar amalanke, tirela ko mota ta riƙa juyawa a kan aksul cikin sauƙi. Duk nauyin kayan da aka lafta ta kansa yake bi kafin ya isa taya. A wuraren noman rani kamar Kura da Bunkure a Jihar Kano, boris yakan lalace da wuri saboda ruwa, laka da yashi da suke shiga cikin hob su ɓata giris.

Tsari

Boris ya ƙunshi zoben ciki wanda yake zama a kan aksul, da zoben waje wanda yake manne da hob, da ƙwallaye ko 'yan gungumen ƙarfe masu mirginawa a tsakaninsu, sai kuma keji da yake raba su don kada su haɗu. Iri biyu aka fi samu. Mai ƙwallaye ya dace da ƙananan kaya kamar kura da baro. Mai gungume masu tsini a gefe guda shi ake sanya wa tirela da manyan amalanke, domin yana jure nauyin da ke dannowa daga sama da kuma wanda ke turowa daga gefe lokacin shan kwana.

Hob ɗin tirela yakan ɗauki boris biyu, babba a ciki da ƙarami a waje. A bayansu akwai sil na roba mai hana giris fita da hana ruwa shiga. A gaba akwai wosha, da noti mai tsaga, da fin ɗin da ke hana notin kwancewa, sai marfin da ke rufe su duka.

Kowane boris yana da lamba a jikinsa. A yawancinsu, idan aka ninka lambobi biyu na ƙarshe sau biyar, daga 04 zuwa sama, za a sami faɗin ramin ciki da milimita. Misali, 6205 mai ƙwallaye ne mai rami milimita 25, shi kuwa 30206 mai gungume ne mai rami milimita 30.

Tarihi

Tun farko saboda keken doki aka ƙirƙiri boris na zamani. A shekarar 1794 Philip Vaughan na garin Carmarthen a Birtaniya ya yi rajistar ƙirarsa ta boris mai ƙwallaye don aksul ɗin keken doki. A 1898 Henry Timken, mai ƙera keken doki a birnin St. Louis na Amurka, ya yi rajistar boris mai gungume masu tsini, wanda har yau shi ne a ƙafar yawancin tireloli. A 1907 aka kafa kamfanin SKF a Suwidin bisa ƙirar Sven Wingquist.

A yankin Kura da Bunkure

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ruwa yake bin manyan magudanai zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Ana noman shinkafa, alkama, masara, tumatir da albasa rani da damina. Amalanken shanu da tirelar tarakta su ne suke kai taki gona, su fito da buhunan shinkafa zuwa injinan casa na Kura, su kai kwandunan tumatir bakin titi ko kasuwar Kwanar Gafan.

Masu walda sukan haɗa amalanke da aksul ɗin tsohuwar mota, don haka sau da yawa boris da sil ɗinsa sun riga sun sha aiki kafin su shigo gona. Ga shi kuma hanyoyin da ke gefen magudanai ba su rabuwa da danshi ko da rani. Karyewar ƙafa a lokacin kaka asara ce babba, musamman ga mai tumatir, wanda kayansa ba ya jure jira a rana.

Yadda ruwa ke shiga hob

Idan tirela ta yi tafiya da kaya, hob yakan ɗauki zafi, iskar da ke cikinsa ta buɗe. Da zarar ƙafar ta faɗa cikin ruwan sanyi, iskar sai ta tsuke nan take, ta zuƙo ruwa ta gefen sil ko ta bakin marfi. Ruwan yakan cakuɗa da giris ya mayar da shi fari-fari kamar madara, ya daina riƙe ƙarfe. Idan aka ajiye amalanken na wasu makonni, tsatsa takan ci zoben daidai inda gungumen suka tsaya, ta bar 'yan ramuka. Yashin da ya biyo ruwan kuwa yakan riƙa goge ƙarfen kamar magagari.

Wannan matsala ce sananniya ga masu tirelar ɗaukar jirgin ruwa a Amurka da Turai, waɗanda suke tura ƙafafun cikin tafki don sauke jirgi. Su sukan jira hob ya huce kafin su shiga ruwa, kuma suna amfani da wani marfi mai sifirin da ke matsa giris ciki don kada ruwa ya sami gurbi. Dabarar jiran ta dace da direban tarakta da zai tsallake rafi ko fadama.

Alamomin lalacewa

- Ƙara ko gurnani da ke ƙaruwa yayin da gudu ya ƙaru.
- Hob ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kansa ba, ko ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai.
- Giris ya fantsama a bayan taya, alamar sil ya mutu.
- Idan aka ɗaga ƙafar da jak aka girgiza ta sama da ƙasa, a ji tana kaɗawa.
- Taya ta cinye a gefe guda.

Idan aka yi sakaci, boris yakan ƙone ya manne da aksul, ko ƙafar ta fice gaba ɗaya ana cikin tafiya.

Kulawa

Ana son a kwance hob aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin a ajiye amalanke ko a shiga aikin rani. Ana sauke kaya, a tokare sauran ƙafafun, a ɗaga da jak, a sa gungumen itace mai ƙarfi a ƙarƙashi, domin ba a dogara da jak kaɗai. Sai a cire marfi, fin, noti da wosha, a zare hob.

Ana wanke boris da kananzir, a bar shi ya bushe, a duba shi a haske. Idan akwai ramuka, tsatsa ko launin shuɗi na ƙuna, sai a canza shi tare da zoben wajensa, don sabon boris ba ya daɗewa a kan tsohon zobe. Sil kuwa sabo ake sanyawa duk lokacin da aka cire shi. Ana zuba giris a tafin hannu a riƙa danna boris a kai har giris ɗin ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shafawa a waje kawai ba ta wadatarwa. Giris mai lamba NLGI 2 mai jure ruwa ya fi dacewa, kuma ba a haɗa iri biyu, domin wasu sukan tsinke idan suka gauraya. Baƙin mai da aka juye daga inji ba ya maye gurbin giris.

Wajen ɗaurewa, ana matse noti ana juya ƙafar har boris ya zauna, sannan a sassauta, a mayar da shi da ƙarfin yatsu, a sa sabon fin. Wasan da ake bari kaɗan ne ƙwarai, kimanin milimita 0.03 zuwa 0.13. Matsewa da yawa tana jawo zafi, sassauci da yawa kuma yana cinye sil. Ƙusa ko waya ba su kai fin aminci ba, haka nan tsumma ko leda ba su maye gurbin marfi.

Ana samun boris a shagunan kayan gyara na Kura da kasuwar Ƙofar Ruwa a birnin Kano. Da yake akwai jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, makanikai sukan tafi da tsohon domin a gwada lamba da girma kafin a saya.