Saraka a Tsibirin Sapelo

A wajen shekarar 1939, wani matashin Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg, wanda ya zo ƙasar Kano yin bincike a kan Maguzawa, ya fito da kwafin wasu takardu ya nuna wa malaman birni. Shafi 13 ne, da rubutun Larabci irin na warash da muka saba gani a allo, sai dai tawadar ta dushe, haruffa sun hau kan juna, marubucin kuma yakan musanya wani harafi da wani. Da farko malaman suka ce wannan aikin aljannu ne. Da suka ƙara zama a kansa, sai suka fara tsinto kalmomi: alwala, kiran salla, sallar asuba. A ƙarshe suka ce ai wannan daga Risala ne, ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukanmu. Daga baya wasu masana sun ce ba kwafe aka yi ba, marubucin ne ya tattaro abin da ya rage a kansa na karatun ƙuruciya. Ko ma wanne ne, ba aljani ne ya rubuta ba. Wani bawa ne mai suna Bilali Muhammad, wanda ya yi fiye da shekara hamsin a wani tsibiri na jihar Jojiya da ake kira Sapelo.

Mun tuno da wannan labari ne saboda tambayar da mutanenmu kan yi idan Allah ya nufe su da zuwa Amurka, karatu ko aiki ko ziyarar 'yan'uwa: ina za mu je mu ga ainihin ƙasar? Amsar da aka fi bayarwa ba ta wuce New York da Washington, a tsaya gaban Fadar White House a ɗauki hoto, a tura wa mutanen gida. Ba laifi. Amma da mu za a tambaya, sai mu ce a yi kudu, a bi gaɓar Tekun Atlantika daga Charleston ta jihar Karolina ta Kudu zuwa tsibiran Jojiya, domin a nan ne aka fi ganin abin da aka gina Amurka da shi, da waɗanda suka gina ta.

Charleston gari ne mai kyau, kuma kyansa na iya ruɗin baƙo. Gidaje masu launi iri-iri, barandu dogaye, keken doki yana zagayawa da masu yawon buɗe ido. Abin da mai keken ba lallai ya fara faɗa ba shi ne, daga cikin 'yan Afirka kimanin 388,000 da aka kawo Amurka ta Arewa kai tsaye a jiragen bayi, wajen kashi 40 cikin 100 ta wannan tashar suka shigo. A bakin mashigar akwai tsibirin Sullivan, inda ake killace waɗanda suka zo da ciwo kafin a kai su kasuwa. Shekara da shekaru babu abin da ke nuna haka a wurin in ban da ganuwar soja. A 2008 aka ajiye wani benci na ƙarfe a bakin ruwa, bayan marubuciya Toni Morrison ta koka cewa bayi ba su da ko wurin zaman da za a tuna da su. Benci ɗaya tak, yana fuskantar ruwa.

A cikin gari kuma akwai mashigin Gadsden. Majalisar Amurka ta haramta shigo da bayi daga ranar 1 ga Janairun 1808, don haka 'yan kasuwar Charleston suka yi rige-rige: tsakanin 1804 da ƙarshen 1807 an sauke mutum kusan 40,000. Kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi, sai aka riƙa tsare mutane a rumbuna ana jiran kasuwa ta tashi. Sama da 700 suka mutu a wannan jira. A daidai wannan fili aka buɗe babban gidan tarihin baƙaƙen Amurka a watan Yunin 2023, kuma an ɗora ginin a kan ginshiƙai don kada ya zauna a kan ƙasar. A ƙarƙashinsa an zana siffofin mutane a kwance, jere kamar yadda ake jera su a cikin jirgi, ruwa yana rufe su yana janyewa.

Me aka kawo su yi? Mun fi jin labarin auduga, amma arzikin wannan yanki shinkafa ce. Turawan Ingila da suka kafa garin a 1670 ba manoman shinkafa ba ne. Mutanen da ke bakin kogunan Senegal da Gambiya da Gini da Saliyo kuwa sun gaji nomanta kaka da kakanni, sun san yadda ake tare ruwa da sakinsa. Masana na gardama a kan ko ilimin nasu ne ya kafa sana'ar ko kuwa ƙarfinsu kawai aka ci, amma ba a gardama a kan cewa dillalai na tallata bayin da suka fito daga ƙasashen shinkafa, kuma masu gandu na neman su. Da fartanya da gatari suka sare dazuzzukan fadama, suka yi gina da madatsai masu tsawon gaske, cikin sauro da macizai da kadoji. Tun 1708 baƙaƙe sun fi farare yawa a Karolina. Da zafi ya shigo, masu gandu sai su tsere cikin birni don gudun zazzaɓi, su bar bayi da masu tsaronsu.

Waɗannan gandaye su ne yau wuraren shaƙatawa. A Boone Hall akwai wata doguwar hanya da manyan itatuwa suka yi wa rumfa, ana ɗaurin aure a wurin, amare na ɗaukar hoto, ga ɗakunan bayi na jan bulo a jere a gefe. A Middleton Place da Magnolia lambuna ake zuwa kallo. Mu dai a namu ganin, wanda lokacinsa kaɗan ne ya tafi gandun McLeod da ke tsibirin James, inda masu zagayawa da baƙi suke fara bayani daga bukkokin bayi kafin su zo gidan maigida. Akwai baƙin da ke fita suna ƙorafin an ɓata musu hutu.

Wannan kaɗaici na fadama da tsibirai shi ya haifar da al'ummar da ake kira Gullah a Karolina, Geechee a Jojiya. Suna da harshensu, wanda kalmominsa yawanci na Ingilishi ne amma gininsa ya yi kama da Kiriyo na Saliyo. An daɗe ana ɗaukarsa gurɓataccen Turanci, har sai da wani baƙin masani, Lorenzo Dow Turner, ya fitar da littafinsa a 1949 bayan shekaru yana naɗar muryoyin tsofaffi, ya jero dubban sunaye da kalmomi masu asali a harsunan Afirka. Wata waƙa da wata mata ta rera masa a Jojiya, aka gano ta makoki ce da harshen Mende, kuma bayan shekara kusan sittin aka samu ƙauyen da ake yin ta a Saliyo. Wanda ya bi babbar hanya mai lamba 17 ta garin Mount Pleasant zai ga mata a rumfuna suna ɗinkin kwanduna da wata ciyawa mai ƙamshi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗinka faifai zai gane ɗinkin nan take: a naɗe ciyawa, a bi ta da kaba, ana zagayawa daga tsakiya. Asalinsa ma faifan bakacen shinkafa ne. Yanzu ado ne, kuma da tsada.

Sai dai a nan ya kamata mu ja linzami. Yawancin kakannin Gullah ba daga ƙasar Hausa suka fito ba. Daga Angola da Kwango da Saliyo da Senegambiya suke. Hausawan da aka ƙetarar da su teku, musamman a shekarun yaƙe-yaƙen jihadi, Bahia ta Barazil aka fi kai su, inda suka yi ta tayar da bore tun daga 1807. Abin da ya haɗa mu da Sapelo ba jini ba ne, allo ne da tawada.

Bilali mutumin Timbo ne ta Futa Jallo, a ƙasar Gini ta yau. An fara kai shi tsibiran Karebiyan, sannan a farkon ƙarni na 19 wani mai gandu, Thomas Spalding, ya saye shi ya kawo shi Sapelo, ya naɗa shi abin da a nan za mu kira sarkin gandu, a kan bayi ɗaruruwa. Wannan muƙami ba mai daɗin labari ba ne, domin sarkin gandu shi ke raba aiki, shi ke hukunci. Waɗanda suka gan shi sun ce yana sa hula, yana azumi, yana salla yana fuskantar gabas. Cikin 'ya'yansa mata akwai Fatima da Madina da Bintu, akwai kuma Margaret da Hester da Charlotte. A jerin sunayen nan kaɗai mutum zai ga inda aka dosa.

A ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Amurka ta tura marubuta su yi hira da tsofaffin yankin, aka buga hirarrakin a 1940. A Sapelo suka samu wata tsohuwa, Katie Brown, jikar Margaret. Ta ce Bilali da matarsa suna salla a kan 'yar shimfiɗa, suna jan carbi mai tsawo, suna kula da lokaci sosai: fitowar rana, tsakar rana, faɗuwarta. Sannan ta ba da labarin wani abinci da kakarta ke yi a wata rana ta musamman duk shekara. A jiƙa shinkafa ta kwana, a daka ta a turmi, a zuba zuma ko sukari, a mulmula, a tara yara a raba musu. Sunan abin saraka.

Mai karatu ya riga mu ganewa. Sadaka ce. Gumba ce, irin wadda iyayenmu mata ke dakawa su kira yaran unguwa su miƙa musu. Katie Brown Kirista ce, ba ta san Larabci ba, ba ta san ma'anar kalmar ba. Littafin ya tafi ɗakin ajiya, yanzu yana Jami'ar Jojiya, salla ta tsaya a kan 'ya'ya, amma abin da aka sa wa yaro a tafin hannu ya kai jikoki da tattaɓa-kunne. Wata daga zuriyar, Cornelia Walker Bailey, wadda ta rasu a 2017, ta rubuta cewa a ƙuruciyarta ana koya musu yin addu'a suna fuskantar gabas, kuma maza da mata ba sa cakuɗa a cocinsu.

Akwai kuma mutum ɗaya daga namu yankin da ya taka wannan gaɓa, kuma labarinsa ba ya barin mu mu tsaya a gefen masu kuka kawai. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka sani da Nicholas Said, a Kukawa aka haife shi, ɗan Barka Gana ne, babban jarumin Shehu Laminu na Barno. Yana yaro mahara suka kama shi, kuma ba Bature ne ya fara sayensa ba. Ta kasuwanninmu aka bi da shi, aka ƙetare Sahara zuwa Murzuk da Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, inda aka yi masa baftisma. Ya iso Amurka a 1860 yana ɗa, ba bawa ba. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen sojoji, wadda ta yi yaƙi a tsibiran Charleston, ta shiga birnin a Fabrairun 1865, ta kuma yi sansani a gandun McLeod ɗin nan da muka ambata. Bayan yaƙi ya zauna a kudu yana koyarwa. Da ya buga tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873, bai ambaci aikin sojan ba ko da kalma ɗaya, kuma ba wuya a gane dalili: a cikin waɗanda aka ci da yaƙi yake sayar da littafin. Mutanen Charleston, duk da jan ƙafa, majalisar birninsu ta nemi gafara a 2018, sun kuma mai da tsohuwar kasuwar bayi ta titin Chalmers gidan tarihi. Mu fa, yaro nawa ne a Kano aka taɓa nuna wa inda ake tsayar da bayi a Kasuwar Kurmi?

Wanda zai je Sapelo ya yi shiri tun da wuri. Babu gada, sai jirgin fito na gwamnati daga wani wuri da ake kira Meridian, tafiyar kamar rabin sa'a, kuma ba a ɗaukar mutum sai ya yi rajistar zagaye ko wani mazaunin tsibirin ya gayyace shi. Kashi 97 cikin 100 na ƙasar na hannun gwamnatin jiha. A Janairun 1865 Janar Sherman ya ba da umarnin a raba wa 'yantattun bayi filayen wannan gaɓa, eka 40 ga kowane gida, amma kafin shekara ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin iyayengiji. Waɗanda suka yi ta-maza suka sayi fili da guminsu, yawanci ba su bar wasiyya a rubuce ba, sai filin ya zama gadon dangi duka. A dokar can ta wancan zamani kuwa, idan magaji ɗaya ya sayar da kasonsa, mai sayen na iya zuwa kotu ya sa a yi gwanjon filin gaba ɗaya. Da haka, da kuma harajin da ke hawa duk lokacin da attajiri ya gina gida a maƙwabta, tsibirin Hilton Head ya koma filayen wasan golf bayan an yi masa gada a 1956.

A Sapelo ƙauye ɗaya ya rage, Hog Hammock, mazaunansa na dindindin ba su kai hamsin ba. Duk watan Oktoba sukan yi ranar al'adu, zuriyar da ta watsu a birane ta dawo, baƙi su zo cin shinkafa da kallon rawar da ake yi a da'ira ana buga sanda a ƙasa. A ta ranar 19 ga Oktoban 2024, mutane na jiran jirgin komawa, sai gadar shiga jirgin ta karye da su. Mutum bakwai suka rasu, dukkansu sun haura shekara saba'in.